Wanda Ya Amsa Kiran Lasifika

Aikinta a babban lambun shaƙatawar shi ne cigiya. In yaro ya ɓata, ita ke ɗaukar makirufo ta sanar. Doka ɗaya masu gadi suka gindaya mata tun zuwanta: da zarar rana ta faɗi, a faɗi launin riga, amma kada a kira suna, don ba kullum mai sunan ke amsawa ba.

Tare da mahaifinta take zuwa aiki, saboda tsufa ya cinye masa tunani, yayyenta maza kuwa iyakarsu su bugo waya su ce sannu da ƙoƙari. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, amma ya daɗe da manta ko ita wace ce. Abin na ci mata rai ba kaɗan ba.

Ran nan dab da magariba ta waiwaya, kujerarsa wayam. Ta duba wajen lilo, ta ratsa lambun furanni, ta leƙa bakin tafkin kwale-kwale, ba ta gan shi ba. Ta koma rumfar aikinta ta yi cigiyar dattijo mai farar riga. Shiru. Rana ta riga ta faɗi, amma ta runtse ido ta kira cikakken sunansa.

Tsuntsaye suka yi tsit. Lilon da aka kulle ya soma kuka, ƙiii, ƙiii. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika rumfar.

Ga shi a bakin ƙofa, tsaye sambal, ba sanda.

"Auta," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Kin sha wahala da ni. Allah ya yi miki albarka. Taho mu je gida."

Hawaye ya kece mata. Ta kama hannunsa, ta bi shi.

Sanyin ruwa a gwiwarta ne ya farkar da ita. Cikin tafki suke. Inda yake takawa, ruwan ko motsi ba ya yi.

Ta fizge da ƙarfi. Mayafinta ya tsaya a hannunsa. Ba ta waiwaya ba.

Mai ban ruwa ne ya tsinci tsohon a bayan shingen furanni, yana tsinkar ganye abinsa. Ta durƙusa ta rungume shi. Ya ture ta.

"Baiwar Allah, lafiya? Ina 'ya'yana maza?"

Ta ci gaba da yi masa hidima har ya rasu, bai gane ta ba ko sau ɗaya. Ba ta ƙara karya dokar ba. Sai dai akwai magaribar da take cire wayar makirufon, ta zauna a kan hannuwanta har duhu ya gama shiga, don kada ta sake kiran sunansa.