Gishirin da Usuman Bai Barbaɗa Ba

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a tsakar gidan Alhaji Abdulgaffar. Matarsa Mastura na jera kofunan shayi, 'yarsu Bashira na kwashe shanya, shi kuwa mai gidan yana nuna wa yayansa Usuman famfon ruwan zafi karo na uku. Dutsen ya gangaro har gaban faranti ya tsaya. Irin farin nan ne mai ramuka na cikin teku, jiƙe sharkaf. Aka ɗaga kai, babu kowa a kan katanga, babu kuma maƙwabci, don duk layin su kaɗai suka tare. Na biyu ya faɗo. Na uku ya fasa kofi.

Gidan kam ya amsa sunansa gida. A shekarar 1976 wani kamfani ya cike bakin teku a arewacin Jidda ya jera fararen gidaje. Injiniyansu mutumin Fotugal ne, ya ce haka ake gini a garinsu na gaɓar ruwa: jan rufi, baranda mai kallon teku, bango manne da shuɗin tayil mai zanen jirage. Abdulgaffar, wanda jiya-jiyan nan yake tuƙa tifar yashi, shi ya sayi na ƙarshen layi. Usuman kuwa, da ya goya shi a dajin Sudan lokacin da iyayensu suka taho Hajji a ƙasa, har yau yana auna yadi a rumfar wani a kasuwar Bab Makka, yana kwana a ɗaki biyu a unguwar Kurayyat, inda ruwa sai mai jaki ya kawo. Hassada ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Tana cin sa tun ranar da ƙanen ya ce, "Yaya, na sayi gida."

Mutanenmu ba sa tarewa a sabon gini haka kawai. Babban dangi ke fara shiga shi kaɗai, ya yi sallama ga waɗanda ido ba ya gani, ya karanta Baƙara, ya barbaɗa gishiri kusurwa-kusurwa, ya roƙe su su tashi lafiya. Don haka Abdulgaffar ya danƙa wa yayansa mabuɗi da ƙullin gishiri. Usuman ya shiga ya tsaya a falo, ya ga hasken teku na rawa a jikin tayil, ko Masha Allahu ta ƙi fita daga bakinsa. Ya cilla ƙullin ta taga. Sannan ya ce da falon da babu kowa, "Masu wuri, in kuna ji, ku yi zamanku, ba inda za ku." Har da 'yar dariya. Ya koma ya ce wa ƙanensa, "Halas, shi ke nan, an yi."

To, ga duwatsu. Kullum rana ta yi ja sai sun zubo, daga baya kuma aka fara jin maganar mutane a cikin bututun banɗaki, ƙasa-ƙasa, kamar masu shawara. Kunya ba ta hana faɗin gaskiya: kwanakin farko abin ya yi wa Usuman daɗi. Yakan zo ya yi tagumi, ya ce Allah ya kyauta, ya koma Kurayyat ya share kwanonsa tas.

A rana ta goma abin ya taɓa Bashira. Sunan mahaifiyar su Usuman ta ci, shi ya sa Usuman ke kiran ta Uwata, kuma da yake Allah bai ba shi haihuwa ba, a hannunsa ta yi shekara biyar lokacin da ubanta ke kwana a hanyar Madina da tifa. Aka same ta a baranda tsaye ƙyam, ta zuba wa teku ido. Daga ranar ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta, tafin ƙafarta kullum a jiƙe ko an goge. Likita ya duba bai ga komai ba. Usuman ya kalli wuyan hannunta yana sirancewa, abinci ya fita ransa shi ma, amma ya ƙi faɗin abin da ya aikata.

Sai Mastura ta aika aka ɗauko Malam Na'ibi, wani tsoho Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Ammariyya. Ya iso da la'asar, ya ƙi shan komai, ya zauna a kan tabarma har rana ta taɓa ruwa. Aka kwantar da yarinyar a falo. Ya fara karatu a hankali, gidan ya yi tsit, ko igiyar ruwa ba a ji. Can jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito, kamar daga cikin randa.

"Ya isa, ya shehi. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai wuri. Muna nan tun kafin a zuba mana ƙasa a ka."

"Me ya hana ku tashi da aka roƙe ku?"

Muryar ta yi dariya. "Wa ya roƙe mu? Mun ɗaure kaya, tsofaffinmu har sun gangara ruwa. Aka shigo aka ce mu yi zamanmu."

"Ƙarya yake, Malam," in ji Abdulgaffar. "Yayana da kansa ya yi karatun. Ga shi nan."

Usuman ya sunkuyar da kai. Da ƙanen ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Aljanin ya ce a bar musu bene. Malam ya ce babu. Aljanin ya ce a yanka masa baƙin rago. Malam ya ce ba a yi wa kowa yanka sai Allah, ya ci gaba da karatu, yarinyar na murƙususu har Mastura ta toshe kunne.

"Tsaya," in ji muryar. "Bakin da ya ce mu zauna, shi zai ce mu tafi, a gaban mai gida. In jan sama ya ɓace bai faɗa ba, za mu koma ruwa, amma da ita."

Malam bai kalli kowa ba, carbinsa kawai yake ja. Usuman ya san in ya yi shiru babu mai kama shi, kowa ya san aljani da ƙarya. Ya dubi taga, jan ya rage kaɗan. Ya dubi Bashira, leɓenta ya bushe ya tsattsage.

"Ni ne," ya ce. "Ban karanta ba, ban barbaɗa komai ba. Ni na ce su zauna, don baƙin cikin gidan nan nake yi." Ya durƙusa kusa da kanta. "Masu wuri, na janye maganata. Don Allah ku tafi, ku bar mini uwata."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku. Ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa ya tsaya, aka ji ƙarar teku ta dawo. Ta buɗe ido ta ce, "Baffa, me ya sa kake kuka?" Sannan ta ce yunwa take ji, Mastura ta ruga kicin tana hamdala.

Bayan an sallami Malam, Abdulgaffar ya raka yayansa bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna wani sashe a ƙasa mai ƙofarsa daban, ɗaki uku, tagoginsa na kallon ruwa.

"Yaya, ba ka taɓa tambaya ta na wane ne wancan ba."

Usuman ya juya ya kalli tagogin. Abdulgaffar ya ci gaba.

"Jira nake a sa fanka in faɗa maka. Mastura har ta ɗinka labule, da yadin da ta saya a hannunka."

Ya tsare masa motar haya, ya ce da direba Kurayyat. Kafin motar ta tashi, Usuman ya ji ƙanensa ya tura ƙofa a hankali, ya danna sakata.