Plafon ɗin Ɗakin Inna

Ana dab da kiran magariba a Gazawa, Sakina na tankaɗe a tsakar gida, mijinta Jibrilla kuma yana wanke farar ƙurar aiki daga hannuwansa, sai suka ji ƙwanƙwasa a ɗakin Inna Dija. Ba daga ƙofa take fitowa ba, daga sama ne, a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci.

Inna Dija mahaifiyar Jibrilla ce, ta rasu tun da damina. Shi kuwa sana'arsa sa plafon, wato rufin cikin ɗaki: ya auna, ya yanka farin allo da zarto, ya hau tsani ya kafa. Manyan gidajen Maradi da Agye duk sun san hannunsa, amma ɗakin uwarsa azara ce tsirara, ƙasa na zubo mata a gado. Kullum sai ya ce, "Inna, in na gama wannan, naki ne." Ita kuma ta yi dariya ta kakkaɓe zanenta. Yana can Maradi bakin aiki ciwo ya kwantar da ita, ba a kuwa buga masa waya ba sai da ta cika, wai ita ta hana. Abin ya tsaya masa a rai, ya ɗauka da fushinsa ta tafi.

Bayan sadakar arba'in ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya yi masa plafon ɗin da bai taɓa yi wa wani alhaji irinsa ba, yana yanka yana share hawaye. Sannan ya ce ɗiyarsa Fauziyya ta koma ciki, tunda dama ita ce 'yar ɗakin kakarta.

Da farko an ce ɓera ne. Amma ɓera ba ya jiran faɗuwar rana, ba ya kuma jefo tsakuwa cikin tukunyar miya. Kowace safiya sai a tarar da farin gari a kan gado, alhali babu tsaga ko ɗaya a plafon. Fauziyya, yarinyar da surutunta ke hana maƙwabta sakat, ta yi shiru. Ta bar cin abinci. Da rana ta yi ja sai ta zauna bakin gado ta ɗaga kai sama, har wuyanta ya sandare. Ranar da Sakina ta ji ta tana rera waƙar da Inna ke yi in tana kaɗi, da muryar tsohuwa, sai rariya ta suɓuce daga hannunta.

"Baban Fauziyya," in ji ta, "ɗiyar nan tafiya take muna kallo."

Aka ɗauko Malam Nomau daga Agye, dattijo mai sanyin magana. Ya zauna bakin ƙofa da la'asar sakaliya, ya sa uwar ta riƙe yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can Fauziyya ta sauke kai, ta dube shi da idanun da ba nata ba.

"Ke wace ce, baiwar Allah?"

"Aljana ce ni, maƙwabciyar Dija," in ji muryar, a shaƙe. "Tun tana amarya nike cikin azarar nan. Ban taɓa cutar kowa ba. Da ta tafi, gadonta kaɗai ya rage mini, ina leƙawa ina jin sanyi. Sai wannan ya zo ya shafe mini shi da fari."

"Mi ya haɗa ki da yarinya?"

"Ƙanshin Dija ke jikinta."

Malam ya ce mata zalunci ne, jikin ba nata ba ne, kuma yarinyar ba za ta daɗe a haka ba. Aljanar ba ta yi gardama ba. Sai ta juya wajen Jibrilla, muryar ta sauya, ta koma ta Inna Dija sak, har da 'yar dariyar nan tata.

"Yaron nan, ka ci abinci kuwa?"

Haka Inna ke ce masa, don ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Ka bar ni cikinta," in ji aljanar. "Duk maganar da Dija ta yi a ɗakin nan tana wurina. Kowace magariba in ba ka."

Malam Nomau ya bar Jibrilla da zuciyarsa. Jibrilla ya dubi bakin da muryar uwarsa ke fita, ya dubi hannuwan ɗiyarsa da suka koma kamar kara. Allah kaɗai ya san abin da ya haɗiye a lokacin.

"Ki ba ni ɗiyata," ya ce. "Mi kike so?"

"Ka buɗe mini in ga gadon sau ɗaya daga wurina, sannan in bar garin."

Ya jingina tsani, ya hau da zartonsa, ya yanke murabba'i a tsakiyar aikin da ya fi so a duniya. Farin gari na zubo masa a fuska. Yana can sama ya kasa daurewa, ya tambayi aljanar.

"Don mi ta hana a kira ni?"

Muryar ta amsa daga ƙasa, ta riga ta fara nisa. "Cewa ta yi, kada ku buga mishi. Yana bisa tsani, zai firgita ya faɗo."

Wata iska mai sanyi ta bi ta gefen kunnensa ta shige ramin. Fauziyya ta yi atishawa, ta kira uwarta da muryarta ta da, ta ce yunwa take ji.

Sakina ta rungume ta tana kuka, Malam ya tashi yin alwala, ladan ya kira salla. Jibrilla kuwa yana nan a kan tsani da allon a hannunsa, sai da ɗiyarsa ta ɗaga kai ta ce, "Baba, sauko a hankali."