Haƙorin Huda

"Ka janye maganar auren nan."

Zaharadeen ya ɗago kai. Mahaifinsa, Alhaji Kailu, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, me Huda ta yi?"

"Gwaggonka Balaraba ta gan ta a unguwar Treichville, ba sau ɗaya ba. Tana fitowa daga wurin likita, baki a karkace, yawu na zuba. Ciwo suke ɓoye mana."

Zaharadeen ya sunkuyar da kai. Shi ma ya lura. Kwanan nan Huda ba ta dariya sai ta rufe baki da gyale. Ranar Laraba kuwa ba a samunta a gida.

Laraba na zuwa ya bi ta. Ta hau mota a tashar Adjamé, ya hau ta bayanta. A Treichville, kusa da unguwar Biafra, ta sauka, ya tare ta a bakin wani bene.

"Wa kike zuwa gani a nan?"

"Zahar! Bina kake yi?"

"Amsa nake so!"

Idonta ya cika da hawaye. Ta janye gyalen, ta nuna haƙorin gefe.

"Ruɓewa ya yi... Inna ta ce a cire. Na ƙi. Kai ka ce murmushina ka fara so. Da giɓi zan shigo gidanku?"

"Cirewa ai zuwa ɗaya ne. Wannan zaryar fa?"

"Shigo ka gani."

Likitar mace ce. Ta yi wa Huda allura a dasashi, ta jira wurin ya mutu.

"Jijiyar ciki ce ta lalace," in ji ta. "Na huda haƙorin, na cire ta, na wanke ramin na sa magani. Yau zan cike shi. In ta dawo, in sa masa hula, wato murfin da zai kare shi. Kafin nan kada ta tauna abu mai tauri."

"Karkacewar bakin fa?"

"Allurar ce. Zuwa la'asar ta sake ta."

Injin likitar ya fara ƙara. Huda ta runtse ido. Ya durƙusa kusa da kujerar.

"Yafe mini, hasken idona..."

Ta buɗe ido ta harare shi, baki a karkace.

Da Zaharadeen ya kai masa labari, Alhaji bai yarda ba.

"Haƙori ake jinya kamar mutum? Nawa huɗu aka fizge, ban mutu ba. A kawo ta in gani."

Sai da aka sa wa haƙorin hular Huda ta zo gaishe shi. Ya daɗe yana duban fuskarta. Ya miƙa mata farin goro.

"Ci."

Kunya ta kama ta. Ta juya baya, ta ja gyale ta rufe kai.

Ƙas!

Alhaji ya dubi Balaraba da ke zaune a gefe.

"Kin ji? A sa rana."