Maganin da Na'ura Ta Zaɓa

A barandar sashen masu ciwon daji suka fara haɗuwa. Auta tana tura mahaifinta a keken marasa lafiya, tayar keken ta maƙale a bakin ƙofa, sai wani dogon saurayi mai farar riga ya sunkuya ya ɗaga. Ta yi masa godiya, shi kuwa ya manta inda ya nufa.

Tsohon, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran injin manyan motoci, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne likitan?"

"Likita ne ni, Baba, amma bincike nake yi. Muna gwada sabon magani ga masu dajin huhu da na matsarmama."

"Wato gwaji kake yi da bayin Allah," in ji tsohon, ya ja tsaki har tari ya sarƙe shi.

Duk da haka ya shiga binciken, domin ciwon ya riga ya ci huhunsa na dama. Ƙa'idar ita ce na'ura ke jefa ƙuri'a: wasu su sami sabon magani, wasu tsohon, ƙwayoyin duk kamarsu ɗaya, ko likita bai san wa ya sami wanne ba.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai da kawowa tsakanin likitan da Auta.

"Hasken idona, yau da kika tsaya jikin taga na manta abin da na zo aunawa."

"Dogona, ka natsu. Baba ya ce hannunka na rawa kamar na ɗan koyon tuƙi."

Da likitan ya turo kawunsa neman aure, tsohon ya gindaya sharaɗi: a mayar da shi cikin masu shan sabon maganin, ya ba da 'yarsa. Saurayin ya zo da kansa ya durƙusa, ya ce ba shi da iko, kuma ko yana da shi ba zai taɓa ƙuri'ar ba.

Gwaggon Auta ta taɓe baki. "Wannan ne surukin? Yana cikin asibiti, amma ko alfarmar ƙwaya ba ta fita daga hannunsa?"

Ita dama tana da nata gwanin, wani mai kemis na bakin titi, mai tumbi da turare mai hawa kai, wanda ya naɗa wa kansa sunan Dakta ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. Ya kawo kwali mai rubutun ƙasar waje.

"Baba, ga ainihin sabon maganin. Na asibiti alli ne."

Tsohon ya riƙa sha a ɓoye har idanunsa suka yi rawaya. Auta ta tsinci kwalin ƙarƙashin matashi, ta kai wa masoyinta tana kuka.

"Don Allah ka rufa mana asiri. In manyanka suka ji, za su cire Baba."

Ya kai rahoto a ranar. Aka cire tsohon daga binciken, aka kwantar da shi ana jinyar hantarsa. Saƙo ɗaya Auta ta tura masa:

"Kada ka sake kirana da wani suna. Na roƙe ka da hawayena, ka zaɓi aikinka."

Mai kemis kuwa wayarsa ta daina shiga. Gwaggo ta shiga gaya wa masu dubiya cewa ita tun farko idon mutumin bai kwanta mata ba.

Likitan bai daina zuwa ba, ko da yake tsohon ya fita daga hannunsa. Wata safiya yana gyara masa robar iska a hanci, Auta na zaune ta juya baya, tsohon ya buɗe ido.

"Ka hana ni, ka kuma tona ni. Me kake nema a nan?"

"Baba, da na yi shiru, da an ci gaba da ba ka ƙwayoyi a kan hantar da ta gaji. Kuma da an ɗora wa maganinmu laifin, a hana shi ga mutanen da ba su ci ba, ba su sha ba."

"To, yanzu da aka kore ni, faɗa mini wanne nake sha."

"Wallahi ban sani ba."

"Likitan banza," in ji tsohon. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Auta, juyo. Ina kwance ina roƙo ban lanƙwasa shi ba, kin yi kuka bai lanƙwasu ba. Gwaggonki ma sai dai ta gaji. Ni kwanana ya ƙure, kuma irin wannan taurin kan nake so in bari a ƙofar gidanki."

Auta ta share ido, ta harari saurayin. "Ni ban huce ba, Dogona."

"Ki huce a gidanmu, hasken idona."

Aka ɗaura aure tsohon na zaune a kujera, tulun iska a gefensa, gwaggo na gaba-gaba wajen karɓar barka. Tsohon ya kama hannun ango da na amarya ya haɗa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu hankalin uwarsu."

Duk ɗakin babu wanda ya kai ango ɗaga murya wajen cewa amin.