Wanda Ya Sace Tururuwar 'Yan Tsibiri

Sufeto Barmo bai sa komai a cikinsa ba tun karin safe. Yini ya yi a tsaye bakin babbar kasuwar Maraɗi shi da yaransa, suna gadin masu zanga-zangar tsadar abinci da ɗaukewar wuta. Yana cire hula zai zauna ke nan wayarsa ta yi ƙara. Kwamishina ne.

"Barmo, tahi zauren taron matasa yanzu. An yi sata, an fasa wa mai gadi kai."

"Mi anka sata, ranka shi daɗe?"

"Robo. Mutum-mutumin nan da 'yan lakwal, yaran makaranta, ke haɗawa don gasa. Kuma ka bi a hankali, akwai Alhaji Abdulmutallib a cikin zancen."

Barmo ya kashe waya yana tsaki. Gari na neman kamawa da wuta, shi kuma an aike shi neman abin wasan yara.

Da ya isa sai ya ga ba wasa ba ne. Jama'ar garin Tsibiri sun cika harabar, sun yi wa wata farar mota ƙawanya, wasu har sun ɗebo duwatsu. A kan benci wani dogon mutum mai rigar kwat yake tsaye yana ɗaga murya.

"Sun sayi kasuwa, sun sayi hili, yanzu kuma za su sayi wahalar ɗiyanmu! Ba mu yarda ba!"

"Wane ne wancan?" Barmo ya tambayi ɗan sandan da ya riga shi zuwa.

"Mushe Ilyasu ne, wato Malam Ilyasu, malamin 'yan matan da anka sace wa robo."

"Sauko da shi. Duk wanda ya jefi motar nan, a ofishinmu na kwamisariya zai kwana."

Ɗakin da aka yi satar yana bayan zauren. Mai gadin, wani dattijo Abdu, yana zaune a ƙofa an naɗe masa kai, jini ya ɓata wuyan rigarsa.

"Baba, mi ya faru?"

"Na tahi alwallar azahar, ɗana. Ina dawowa na iske ƙofa a buɗe. Na sa kai ke nan aka banko ta da ƙarhi, ta buge ni na hwaɗi. Ban ga kowa ba, sai ƙarar takalmi."

Barmo ya duba ƙofar. Kwaɗon yana nan a kulle, ba a fasa shi ba. Ƙarfen da ke riƙe da shi aka kwance daga jikin katako, kuma sukurorin suna jere a bakin taga, ba wanda ya faɗi ƙasa. A ciki ga kwamfutoci a kan tebur, ga wani robo mai sheƙi da ko makaho ya shafa zai san ya yi tsada. Ba a taɓa su ba.

Ya daɗe yana kallon sukurorin. Ɓarawon tasha ba ya jera abin da ya kwance.

Shugabar alƙalan gasar, Madam Safiyatu, malamar kimiyya ce da aka turo daga Yamai. Ta tarbe shi fuska a murtuke, ta kai shi gaban wani faffaɗan allo da aka shimfiɗa a ƙasa, an ja masa baƙin layi mai lanƙwasa.

"Madam, ki yi mini bayani kamar ban taɓa shiga aji ba."

"Robo zai bi layin nan shi kaɗai, ya ɗauki ɗan buhun gero ya kai cikin wancan rumbun. Kowane buhu maki goma. In ya sauka daga layi a cire biyar. In ɗalibi ya sa hannu, a cire goma. Wanda kuwa aka kama ana tuƙa shi daga nesa da rimot ko da waya, an kori ƙungiyar baki ɗaya."

"Su wa suka rage?"

"Ƙungiya biyu. 'Yan matan wata lakwal ta gwamnati a Tsibiri, da robonsu Tururuwa, da kuma wata lakwal mai zaman kanta a unguwar Zariya, inda ɗan Alhaji yake. Wanda ya ci zai tafi Yamai, kuma akwai gurbin karatu."

"In robo bai zo filin ba fa?"

"Abokan karawa sun ci."

"Ashe dai Alhaji ne ke da riba."

"Haka kowa ya ce." Ta gyara tabarau. "Amma shi ne da safe ya tsaya a kaina yana ihu wai 'yan Tsibiri maguɗi suke yi. Na gaji, na sanar a lasifika cewa kafin wasan ƙarshe za a buɗe cikin robo biyun a gaban kowa. Doka ta ba ni wannan. Sai aka kulle su, aka tafi salla."

Alhaji Abdulmutallib yana cikin farar motarsa da aka yi wa ƙawanya, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa. Barmo ya ƙwanƙwasa, ya shiga ba tare da an ce ya shiga ba.

"Alhaji, ina kake lokacin azahar?"

"Masallaci. Ka san da wanda kake magana kuwa?"

"Na sani. Wane masallaci? Wa ya ja salla?"

Alhaji ya fara kame-kame, Barmo ya katse shi.

"Direbanka ya ce kun fita gari. In ka ga dama mu ƙarasa zancen a waje, gaban mutanen can masu duwatsu."

Alhaji ya share gumi duk da sanyin motar. "Gidan wani babba a jam'iyya na tahi. So nike a buga waya Yamai a canja matar nan. Ban same shi ba. Amma wallahi ban taɓa abin yaran nan ba. Ni da na matsa a buɗe shi, mi zai sa in sace? So nike a kunyata su a bainar jama'a!"

"Mi ya sa kake zargin su?"

"Robon ɗana daga Dubai na sawo kayanshi. A ce wani tarkacen tsohuwar rediyo ya hi shi gudu? Duba nan." Ya miƙo waya. "Na ɗauki wasansu na sahe."

Barmo ya kalli hoton mai motsi. Wani ɗan abu mai ƙafafun roba yana bin layi, 'yan mata uku na tsalle. Ya mayar baya ya sake kallo, wannan karon bai kalli robon ba. A bayan 'yan matan Mushe Ilyasu yake tsaye. Kowa na tafi, shi hannunsa na dama yana cikin aljihun kwat, kuma duk sanda robon ya zo kwana sai kafaɗarsa ta motsa.

"Zan riƙe wayar nan," in ji Barmo. "Kai kuma ka ji kunya, Alhaji. Gasar yara ce kake kai wa jam'iyya."

'Yan matan suna zaune a gindin bango. Biyu sun yi kuka har idanunsu sun kumbura. Ta ukun, Tahira, shugabarsu, ba ta yi kuka ba, haƙoranta kawai take cizawa. Barmo ya tsuguna a gabanta.

"Ɗiyata, wa ya haɗa Tururuwa?"

"Mu. Da hannunmu. Mu munka rubuta mata umarninta a kwamfutar lakwal."

"Jiya a ina ta kwana?"

"Wurina."

"Dube ni, Tahira."

Ta ɗago, ta sake sunkuyar da kai. "Wurin Mushe. Ya ce babu wuta a unguwarmu, zai cika mata batir. Ya ce kar mu hwaɗa, don doka ta hana malami taɓa robo."

"Da ya dawo da ita, kin ga wani canji?"

Ƙawarta ta taɓa ta, sannan ta amsa.

"Ta ƙara nauyi. Kuma an liƙe murhin cikinta da gam." Ta dubi ƙawayenta. "A wasan sahe ta yanke wata kwana. Ba mu koya mata haka ba. Tururuwa ba ta yanke kwana, bin layi take. Na tambayi Mushe, ya daka mini tsawa."

Barmo ya miƙe. Ya nufi bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja a inuwar itacen bedi.

"Wa ya ɗauki mai rigar kwat da azahar?"

Suka dubi juna. Wani mai suna Hamidu ya ɗaga hannu a sanyaye.

"Ni ne, mai gida. Ta ƙofar baya ya hito da jaka a rungume. Jiratawa na kai shi, unguwar masu tukwane. Ya shiga wani gida, bai daɗe ba ya hito babu jakar, muka dawo. Duk hanya yana cewa in ƙara wuta."

Barmo ya sa aka kira Mushe Ilyasu, ya ce ya raka shi su dubo wani wuri. Mushe ya shiga mota yana ta zuba, yana cewa ai shi tun azahar yana masallaci yana roƙa wa ɗiyansa nasara. Da motar ta ɗauki hanyar Jiratawa sai zancen ya fara raguwa. Kafin su wuce gonakin rani ya yi tsit.

Gidan na gwaggonsa ne, tsohuwa mai ginin tukwane. Ta fito hannu duk yumɓu.

"Ilyasu, ka dawo ɗaukar ajiyar taka? Tana cikin randar can, ban bari jikoki sun taɓa ba."

Barmo ya zura hannu cikin randar ya fito da jakar.

Bai buɗe ta a can ba. Ya komo da ita zauren, ya sa aka shigo da alƙalai da 'yan matan da Alhaji da dattawan Tsibiri, ya ɗora Tururuwa a kan tebur.

"Madam, kin ce za a buɗe a gaban kowa. Bismilla."

Madam Safiyatu ta kankare gam ɗin da wuƙa, ta ɗaga murfin. Ta sa yatsu biyu ta zaro wani ɗan baƙin abu, siririyar wayarsa na haɗe da cikin robon.

"Tahira, wannan naku ne?"

"A'a, Madam."

"Wannan shi ke karɓar umarni daga rimot."

Barmo ya juya. "Mushe, fito da abin da ke aljihunka na dama."

Mushe Ilyasu bai motsa ba. Ɗan sanda ya laluba ya fito da ƙaramin sukundireba da rimot ɗin motar wasan yara. Barmo ya danna. Ƙafafun Tururuwa suka juya a kan tebur.

Zauren ya ɗauki salati.

"Ni na sa!" Mushe ya fashe da ihu. "Ni na sa, ni na ɗauke! Da na ji za a buɗe, na ce in ta ɓace kowa zai ce Alhaji ne, yaran su fita da mutuncinsu. Ban yi niyyar ji wa tsoho ciwo ba. Amma ku hwaɗa mini, da mi za mu kara da su? Shekara da shekaru ina koyarwa a ajin da babu ko fitila, su kuma suna sawo nasara a kwali! Don su na yi, don ɗiyan talakawa!"

"Don mu?" Tahira ta matso har gabansa. Yanzu hawayen suka zo, amma muryarta ba ta karye ba. "Mushe, kai ka ce mana muna iyawa. Mun bar zuwa biki, mun bar hutu, iyayenmu na yi mana dariya muna tsintar waya a bola. Ashe kai ma ba ka yarda da mu ba. Alhaji ya ce mu 'yan maguɗi ne, na ce ƙarya yake. Kai ka mai da shi mai gaskiya!"

Mushe ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo daga Tsibiri ya roƙi Madam ta dubi Allah ta dubi yaran, tunda ba su sani ba.

"Na sani, Baba," ta ce, idonta ya yi ja. "Amma makin da ya kawo su nan da rimot aka ci shi, kuma akwai yaran da aka fitar da safe saboda shi. In na karya doka yau don ina jin tausayi, gobe wani zai karya ta don yana jin tsoro. An kori ƙungiyar Tsibiri."

Ba wanda ya yi tafi, har Alhaji.

Tahira ta share fuska da gefen hijabinta. "Madam, ba don maki ba. A bar ta ta bi layin sau ɗaya, yadda munka gina ta."

Madam ta dubi sauran alƙalai, ta gyaɗa kai.

Tahira ta cire baƙin abin, ta ɗora Tururuwa a bakin layi ta janye hannu. Abin ya tashi a hankali, yana ɗan karkarwa. Ya bi kwanar farko bai yanke ba. Ya ɗauki buhu ya kai rumbu, ya komo ya ɗauki wani, har allon ya zama wayam. Bai sauka daga layi ba ko sau ɗaya.

Alƙalin da ke riƙe da agogo ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wa Madam. Ta cire tabarau.

"Ba wanda ya yi wannan a gasar nan," ta ce. "Har wasanku na safe bai kai shi ba."

Barmo ya kama hannun Mushe Ilyasu ya danna masa ankwa da ƙarfin da ya fi na kullum.

"Ka gani da idonka?" ya ce. "To mu tahi."

Jama'ar da ɗazu suka ɗebo duwatsu dominsa suka dare, suka ba su hanya. A bakin ƙofa suka wuce tsoho Abdu da naɗaɗɗen kansa. Mushe ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya kau da kai.