Yarinyar da Ba Ta Ga Wata Ba

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai kaifin ido. Ran ashirin da tara ga watan azumi, da rana ta faɗi, jama'a suka hau dutse da ita neman jinjirin wata.

Ta duba yamma, ta sake dubawa, ta ce, "Ban gani ba."

Kawunta ya raɗa mata, "Ke 'yar nan, ce kin gani mana. Cikina ya manne da baya!"

Ta ce, "Kawu, ban gani ba. Yau da asuba na ga tsohon wata a gabas, bai gama ɓuya ba balle sabo ya fito."

Ƙawayenta suka ce, "To sabon zanenki na Sallah fa?"

Hawaye ya cika mata ido, ta ce, "Ban gani ba."

Aka sauko ana gunaguni, aka ƙara azumi ɗaya.

Washegari da magariba sai ga wata, siriri kamar yankan farce. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa mata dabinonsa.

Ya ce, "Ungo, fara shan ruwa. Allah ya yi miki albarka."