Lambar Ƙonanniyar Kwamfuta

Dab da magariba Yaya ta dire wa ƙanenta Auta kwamfutarta a teburin shagon gyaransa.

"Kai ka goge ta, kai za ka tashe ta. Da ita zan fita aiki gobe. In ka kasa, kwashe tarkacenka, shagon dai nawa ne."

Auta yaron kirki ne, sai dai akwai son sauƙi. Ya ɗora manhaja irin ta ofis, don ita ce a kusa, ya buga lambar buɗe manhaja ta Yaya. Allo ya ƙi. Lambarta ta irin ta gida ce, ba su dace ba.

Gyaran ba wuya: ya sauke ta ofis, ya ɗora ta gida. Amma sai an jira, ga Yaya tsaye a kansa tana tsaki.

"Mai gyaran banza. Ko rediyo ba zan ba ka ba."

A ƙarƙashin tebur akwai wata ƙonanniyar kwamfuta da wani dogon mutum ya ajiye bara, bai dawo ba. Abu ɗaya ya faɗa: kar a taɓa takardar lambar da ke manne a bayanta. Auta ya leƙa. Ta ofis ce. Ya ɓanɓare ta da farce, ya buga.

Ta shiga.

Fankar sama ta tsaya cak. Ƙaurin ƙonanniyar roba ya cika shagon.

Ƙarƙashin tebur wani abu ya soma huci. Ƙonanniyar kwamfutar nan ce, wadda ko batir ba ta da shi.

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

"Ka tashe ni daga ɗakina," aka raɗa masa. "A jikin wa zan kwana?"

"Auta," in ji Yaya, "wa ke bayanka?"

Aka damƙe wuyan hannunsa. Fata ta yi ƙauri.

Da ɗaya hannun ya danne maɓalli har kwamfutar Yaya ta mutu. Ya lashi takardar, ya lalubi gurbinta a bayan ƙonanniyar, ya manna.

Hucin ya lafa. Aka sake shi a hankali, yatsa bayan yatsa.

Da safe, ƙofa a wangale, ya ɗora manhaja irin ta gida, ya jira har ta gama. Yaya ba ta karɓe shagon ba. Ko bakin ƙofarsa ba ta ƙara takawa ba. Shatin yatsu na nan a hannun Auta. Kwamfutar ma na nan ƙarƙashin tebur, kullum da ɗuminta.